Bayan Sakandare a Karkarar Kano da Jigawa: Kwalejin Ilimi, Foli, Makarantar Lafiya ko Jami'a?

Duk shekara, da zarar sakamakon WAEC da NECO ya fito, akan yi zaman shawara a zaurukan gidaje da yawa a ƙauyukan Kano da Jigawa, uba yana lissafin abin da ya rage a rumbu, yaro kuwa hankalinsa na kan jami'a saboda can abokinsa ya tafi bara. Wannan rubutu na irin wannan gida ne, wato gidan manomi ko ƙaramin ma'aikaci mai ɗa ko 'ya da ta sami kiredit biyar, ana son a ci gaba da karatu, amma kuɗin rajista sai an kai buhun riɗi ko tunkiya kasuwa kafin ya samu. Hanyoyi huɗu ne aka fi bi: kwalejin ilimi mai ba da NCE, kwalejin kimiyya da fasaha wadda kowa ke kira foli, makarantun aikin lafiya, sai kuma jami'a.

Ma'aunan da ya kamata a ɗora kowace hanya a kai

Na farko shi ne kuɗi, amma kuɗin kai karatun ƙarshe, ba na shekarar farko kaɗai ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tambayi kuɗin rajista, a ji ba shi da yawa, a ce bismillah. Rajista sau ɗaya ake biyanta a shekara, alhali ɗalibi kullum sai ya ci abinci, sai ya biya ɗaki, sai ya buga takardun darasi, sai ya hau mota zuwa gida in an yi hutu, kuma waɗannan ƙananan ɗawainiya su ne ke karya gida a cikin watan Yuli da Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba. Saboda haka yawan shekarun karatu da nisan makaranta daga gida suna cikin lissafin kuɗi.

Na biyu shi ne faɗin ƙofar shiga. A taron da hukumar JAMB ta yi a 2025 an tsayar da mafi ƙarancin maki 150 ga jami'o'i, 140 ga kwalejojin aikin jinya, 100 ga foli da kwalejojin ilimi. Wannan ƙasan tsani ne kawai, domin kowace makaranta tana iya ɗaga nata, kuma kwasa-kwasan da ake rububi suna neman abin da ya zarce haka nesa ba kusa ba.

Na uku shi ne ƙarkon takardar: ko za ta ciyar da mai ita nan da shekara goma, kuma ko tana barin hanyar ƙaro karatu a buɗe. Na huɗu shi ne haɗari, wanda ya haɗa da yajin aiki, da makarantar da ba a tantance ba, da yiwuwar karatu ya tsaya a tsakiya mutum ya dawo gida hannu rabbana.

Kwalejin ilimi

Karatun NCE shekara uku ne, kuma ita ce mafi ƙarancin takardar da tsarin ilimi na ƙasa ya amince mutum ya koyar da ita a firamare da ƙaramar sakandare. A Jigawa akwai kwalejin ilimi ta jiha a Gumel, da ta Ringim wadda ta yi suna a fannin shari'a da addinin Musulunci. A Kano akwai ta Sa'adatu Rimi a Kumbotso, da ta tarayya mai koyar da fasaha a Bichi, da ta Aminu Kano a cikin birni.

Ta fuskar kuɗi ita ce mafi sauƙi a cikin huɗun, musamman ga wanda garinsu ke kusa. Yaron Maigatari ko Gagarawa da ke karatu a Gumel yana iya zuwa gida a ƙarshen mako ya yi noma, ya koma da garin tuwo da kuka da daddawa, kuma wannan kaɗai ya rage kaso mai tsoka na ɗawainiyar. Ƙofar shiga ma a buɗe take, domin a 'yan shekarun nan kwalejojin ilimi su ne ke neman ɗalibai.

Inda ake raina NCE shi ne wajen albashi da daraja, kuma ba zan ce masu rainin ba su da hujja ba. Mai NCE yana shiga aikin gwamnati a mataki na 7, mai digiri a na 8, mai NCE ba ya tafiya bautar ƙasa, kuma malamin firamare a ƙauye ya san abin da ake nufi da jiran ƙarin girma. Amma akwai abubuwa biyu da ake mantawa. Na ɗaya, makarantun karkara suna fama da ƙarancin malamai, kuma duk lokacin da gwamnati ta buɗe ɗaukar malamai, ko na dindindin ko na wucin gadi irin shirin J-Teach na Jigawa, mai NCE yana cikin waɗanda ake fara nema, balle in ya karanta lissafi, Turanci ko kimiyya. Na biyu, mai NCE da ya fita da sakamako mai kyau yana shiga jami'a kai tsaye a aji biyu, ya ƙara shekara uku ya sami digiri, wani lokaci ma yana koyarwa yana biya wa kansa. Bayan haka, dokar da aka sa wa hannu a 2023 ta ba kwalejojin ilimi na tarayya da suka cika sharuɗɗa damar ba da digiri da kansu tare da NCE.

Abin da zan ja kunne a kai shi ne zaɓen darussa. A NCE ana haɗa darussa biyu ne, kuma mafi yawan ɗalibai suna tururuwa zuwa waɗanda suke ganin sun fi sauƙin ci, sai a wayi gari ƙaramar hukuma guda tana da ɗimbin masu takarda iri ɗaya, alhali makarantar garin ba ta da malamin lissafi ko ɗaya. Wanda zai iya jure lissafi ko kimiyya ya jure. Kada kuma a manta da rajista da hukumar rajistar malamai, wato TRCN, bayan kammalawa, domin ana tambayar shaidarta wajen ɗaukar aiki.

Foli

Tsarin foli hawa biyu ne: ƙaramar difloma, wato ND, shekara biyu, sai shekara guda ta sanin makamar aiki, sai babbar difloma, wato HND, shekara biyu. A Jigawa akwai ta tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure, da ta jiha a Dutse, da ta Binyaminu Usman a Haɗejiya. A Kano akwai foli ta jiha mai rassa da dama, kuma ga mai sha'awar noma da kiwo akwai kwalejin aikin gona ta Audu Bako a Dambatta.

Babban alfanun wannan hanya ga talaka shi ne tana da zango. Bayan shekara biyu ɗalibi yana riƙe da takarda, kuma in gida ya gaza a wannan lokaci, zai iya tsayawa ya nemi kuɗi ya dawo daga baya, saɓanin jami'a inda wanda ya tsaya a aji uku ba shi da abin nunawa sai sakamakon sakandare. Mai HND da ya yi karatun cikakken lokaci yana tafiya bautar ƙasa, mai ND mai sakamako mai kyau kuma yana iya tsallakawa jami'a a aji biyu.

Amfanin foli ya dogara kacokan a kan kwas. Wanda ya karanta lantarki, gine-gine, safiyo, kwamfuta ko gwaje-gwajen kimiyya, ya kuma dage a ɗakin aiki da lokacin sanin makamar aiki, yana fita da sana'a a hannunsa, kuma a yau da ake girka sola a rijiyoyin burtsatse da gonakin rani daga Kura har Auyo, mai wannan sana'a ba ya rasa abin yi ko gwamnati ba ta ɗauke shi ba. Wanda kuwa ya je foli ya karanta harkar mulki don kawai nan aka ba shi gurbi, zai fito ya yi gogayya da masu digiri a fanni guda, kuma su za a fara duba. Tsohon bambancin da ake nunawa tsakanin HND da digiri wajen ƙarin girma bai gushe ba. Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudurin soke shi a 2021, amma bai sami sa hannun shugaban ƙasa na lokacin ba. Kuɗin foli matsakaici ne, sai dai kwasa-kwasan fasaha suna cin kuɗin kayan aiki, kuma in an tafi har HND, jimlar shekarun biyar ce, wato ta zarce ta digiri mai shekara huɗu.

Makarantun aikin lafiya

Nan ne zuciyar iyaye da yawa ta karkata a yanzu, musamman game da 'ya'ya mata, kuma da dalili. Kowace ƙaramar hukuma tana da asibitocin sha-ka-tafi da ke buƙatar ma'aikata, mata masu juna biyu a karkara sun fi sakin jiki da ungozoma mace, kuma aikin yana tafiya tare da aure ba tare da an bar gari ba. Akwai kwalejin aikin jinya da ungozoma a Birnin Kudu da Haɗejiya, da makarantar koyon aikin lafiya a Jahun; a Kano akwai ta jinya a cikin birni da Madobi, da ta ungozoma a Dambatta, da ta aikin lafiya a Bebeji. Karatun ma'aikacin lafiya na al'umma, wanda ake kira CHEW, shekara uku ne, ƙaraminsa JCHEW kuma shekara biyu.

Ƙofar ce ƙunci gare ta. Ana neman kiredit a Turanci, lissafi, da darussan kimiyya uku, wato fiziks, kemistiri da bayoloji, kuma a nan ne yaran karkara da yawa ke faɗuwa, domin sakandaren da suka yi ba ta da ɗakin gwaji ko malamin kemistiri. Hukumomin da ke kula da waɗannan sana'o'i suna ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta ɗauka, masu nema kuwa sun ninka guraben. Kuɗin ma ya fi na kwalejin ilimi, saboda kayan sawa, da kayan aiki, da zirga-zirgar zuwa asibiti koyon aiki, da kuɗin rajista da jarrabawar hukuma ta ƙarshe.

Haɗarin da ya fi girma a duk wannan rubutu yana nan. Saboda rububin, makarantun lafiya masu zaman kansu sun yawaita a garuruwa, wasu na da cikakkiyar amincewa, wasu kuwa gida ne aka kama haya aka kafa allo. Abin da ke mayar da mutum ma'aikacin lafiya shi ne lasisin hukumar sana'ar, kuma ɗalibin makarantar da hukumar ba ta san da zamanta ba, ko wanda aka ɗauka bayan adadin ya cika, ba zai zauna jarrabawar lasisi ba, ko da ya shekara uku yana sa fararen kaya. Kafin a biya ko sisi, a tabbatar sunan makarantar yana cikin jerin Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma, ko na hukumar rajistar ma'aikatan lafiya na al'umma, kuma a tabbatar kwas ɗin da ake so shi kansa yana cikin waɗanda aka amince mata. A nemi ɗalibin da ya gama a can ya karɓi lasisi, a gan shi ido da ido. Haka kuma a sani cewa samun lasisi bai zama samun albashi nan take ba. Da yawa suna fara aikin sa-kai a asibitin garinsu kafin a ɗauke su.

Jami'a

Yau jami'a ta matso kusa da karkara fiye da yadda take a zamanin iyayenmu, lokacin da in ba Bayero ba sai Zariya. Akwai ta kimiyya da fasaha a Wudil da ta fara a 2001, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Aliko Dangote, da ta tarayya a Dutse tun 2011, da ta Sule Lamido a Kafin Hausa tun 2013, da ta fasaha ta tarayya a Ɓaɓura. Yawancin digiri shekara huɗu ne. Injiniyanci, aikin gona, aikin jinya da lauya biyar. Likitanci shida, kuma lauya sai ya ƙara da makarantar horar da lauyoyi, wadda ke da reshe a Bagauda.

Babu takardar da ta kai digiri ƙarko. Da ita ake hawa har ƙololuwar aikin gwamnati, da ita ake zuwa digiri na biyu da na uku, kuma mai ita yana tafiya bautar ƙasa in bai wuce shekara 30 ba lokacin kammalawa, inda alawus ya koma naira 77,000 a wata tun 2025. Amma ita ce mafi tsada da kuma mafi tsawon jira kafin a ga amfani. A 2023 jami'o'in tarayya da dama sun ƙara kuɗin rajista ƙari mai yawa, kuma zama a birnin Kano ya fi zama a Gumel ko Kazaure cin kuɗi ta kowace fuska. Ga kuma yajin aiki: na ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU a 2022 ya fara ranar 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cur, bayan na 2020 da ya ci kusan wata tara. Mai lissafin shekara huɗu ya ajiye guzurin biyar.

Akwai kuma tarkon da ba a cika faɗa wa yara ba. Yaro ya nemi likitanci ko lauya, makinsa bai kai ba, sai a ba shi wani kwas da bai taɓa jin sunansa ba, ya karɓa don kada a ce bai shiga jami'a ba. Shekara huɗu na ɗawainiya a kan kwas ɗin da ba ya so kuma ba shi da kasuwa a yankinsu, a ganina NCE a fannin lissafi ta fi masa alheri. A tabbatar kuma gurbin ya fito ta shafin ba da gurbi na JAMB, wato CAPS, domin wanda aka shigar ta bayan fage yakan gamu da cikas lokacin tafiya bautar ƙasa, kamar yadda masu karatun wucin gadi na ƙarshen mako ba a tura su.

| Hanya | Shekaru | Kuɗi | Shiga | Bautar ƙasa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| NCE | 3 | Mafi sauƙi | Mai sauƙi | Babu | Ƙarancin albashi, cunkoso a wasu darussa |
| Foli | ND 2, har HND 5 | Matsakaici | Mai sauƙi | Sai mai HND | Kwas marar sana'a, bambanci da digiri |
| Aikin lafiya | 2 zuwa 4 | Ya ɗan fi matsakaici | Mai wuya | Ya danganta da takardar | Makarantar da ba a tantance ba |
| Jami'a | 4 zuwa 6 | Mafi tsada | Ya danganta da kwas | Akwai | Yajin aiki, tsayawa a tsakiya |

Bashin karatu da haƙƙin mai buƙata ta musamman

Tun watan Mayun 2024 asusun ba da bashin karatu na NELFUND yake karɓar buƙatar ɗaliban manyan makarantun gwamnati. Yana biyan kuɗin rajista kai tsaye ga makaranta, yana ba ɗalibi naira 20,000 a wata, babu kuɗin ruwa, wanda ya kawar da damuwar riba ga Musulmi, kuma biya yana farawa shekara biyu bayan bautar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin ɗari na abin da mutum ke samu. Taimako ne na gaske, amma bashi sunansa bashi, kuma sai an riga an sami gurbi ake nema, ga shi kuɗin kan yi jinkiri, don haka kada a tura yaro makaranta da wannan kaɗai a aljihu. A haɗa da neman tallafin hukumar ba da tallafin karatu ta jiha.

Idan ɗalibin makaho ne, ko kurma, ko gurgu, kada a yanke masa hukunci tun daga zaure. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilimi ba tare da wariya ba, da karatu kyauta har sakandare, ta kuma umarci ma'aikatun gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki. Aiki da dokar yana tafiyar hawainiya, amma sanin ta yana ba uba bakin magana a gaban shugaban makaranta. JAMB tana shirya wa makafi jarrabawa ta daban, kuma Kano na cikin cibiyoyin. Jami'ar Bayero tana da sashen ilimin masu buƙata ta musamman, akwai kuma kwalejin ilimi ta tarayya a garin Oyo da aka kafa domin wannan fanni. Ga irin wannan ɗalibi, ko ya fito daga makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki a Kano ko daga sakandaren garinsu, ma'aunin farko ya sauya: a je makarantar da ƙafa, a ga ko akwai mai fassara da maganar hannu, ko azuzuwan a saman bene suke, ko ɗakin kwana na kusa da aji, tun kafin a yi maganar kuɗi.

Wace ce ta dace da wa

Gidan da abin hannunsa bai wuce na kaka zuwa kaka ba, kuma ana buƙatar yaron a gona da damina, kwalejin ilimi mafi kusa ta fi dacewa da shi, da niyyar ƙaro digiri bayan an fara samun albashi. Yaron da tun yana ƙarami yake kwance rediyo yana ɗaurawa, ko yake bin magina da masu gyaran injin ban ruwa, foli ce wurinsa, a kwas na fasaha, kuma ND kaɗai ma ta isa ya fara neman na kansa. Yarinyar da ta ci Turanci, lissafi da darussan kimiyya ukun nan, iyayenta kuma suna son ta yi aiki kusa da gida, ta nemi makarantar jinya ko ungozoma ta gwamnati, ta sa kwalejin ilimi a matsayin madadin, domin gurbin ba shi da tabbas kuma zaman jira na shekara biyu a gida yakan ƙare da an ajiye maganar karatun gaba ɗaya. Wanda makinsa ya kai ga kwas ɗin da yake so da gaske, kuma akwai wa ko kawu mai albashi da ya yi alkawarin riƙe shi har ƙarshe, ya tafi jami'a, ya fara duba Dutse, Kafin Hausa ko Wudil in sun fi kusa da gida. Wanda kuwa ya rasa kiredit a Turanci ko lissafi, ya fara gyara wannan ta hanyar sake zama NECO ko WAEC ta masu zaman kansu a ƙarshen shekara, tun da yawancin makarantu suna karɓar sakamakon zama biyu.